Mata Masu Ɗaukar Hoto da Kundin Sani: Tarihin Giɓi da Gayyar Cike Shi

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2001, lokacin da Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa Wikipedia a ƙasar Amurka, kundin sani ya sauko daga kan kantar ɗakin karatu ya shiga wayar hannu. Ɗalibin da ke zaune a Yalwa, cikin ƙasar Rano da Kibiya, idan malami ya ba shi aiki, ko kuma gardama ta kaure a majalisa a kan wani mutum, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya rubuta sunan a waya ya ga abin da zai fito. Wanda sunansa ya fito, an san da zamansa. Wanda bai fito ba kuwa, sai a ɗauka bai yi wani abin a zo a gani ba. Saboda haka sanin wanda aka shigar da wanda aka bari a waje ya zama magana ta tarihi, wadda ta cancanci a tsaya a kanta.

Wannan lacca ta ɗauki rukuni guda daga cikin waɗanda aka bari a waje, watau mata masu ɗaukar hoton labarai, musamman na ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Abin da take son tabbatarwa shi ne giɓin ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Kundin sani gadonsa ya yi daga littattafai da jaridu, kuma 'yan sa-kan da ke rubuta kundin ba za su iya cike shi su kaɗai ba, sai an haɗa aikinsu da na 'yan jarida da malaman jami'a da ma'adanan tarihi.

Wanda Alƙalami Ya Tuna da Shi

Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma har yau ana yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. Labaran gargajiya sun ba Kano da Rano sarautar baba, watau rini da sana'ar tufa. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci Rano a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), inda ya kawo labarin yaƙinsa da sarkinta. Littafin ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, da yaƙe-yaƙensu da fadawansu. Mata sukan shigo cikinsa ne galibi a matsayin iyayen sarakuna. Ƙalilan ne aka faɗi aikinsu, kamar Amina ta Zazzau da Madaki Auwa, mahaifiyar Sarki Abdullahi ɗan Rumfa. Matan da suka kaɗa zaren da aka saƙa aka rina, har ƙasar ta yi suna da shi, babu sunan ko ɗaya daga cikinsu. Sai a 2005 ne Heidi Nast, bayan bincike a Gidan Rumfa, ta kawo hujjojin da ke nuna cewa matan fada sun taɓa riƙe sha'anin hatsi da na rini a Kano ta dā.

Akwai mata biyu da suka tsira daga wannan mantuwa, kuma hanyar da kowace ta bi ta tsira abin lura ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu (1793 zuwa 1864) ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru na ilmantar da matan ƙauye. Zuriyarta ta gidan Wazirin Sakkwato ta adana takardunta, kuma daga ma'adanar Waziri Junaidu ne Jean Boyd ta samo abin da ta rubuta tarihinta da shi a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a 1997. Baba ta Karo kuwa ba ta yi rubutu ba. Ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana ba da labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954, bayan rasuwarta. Duniya ta san Asma'u domin an adana abin da ta rubuta, ta san Baba domin an samu wadda ta saurare ta ta rubuta. Dubban irinsu da ba su samu ko ɗaya daga cikin biyun ba sun wuce ba labari.

Shigowar Kyamara

Kyamara ta shigo Nijeriya ta bakin teku tun ƙarni na 19. Cikin 'yan ƙasa na farko da suka riƙe ta a matsayin sana'a akwai Jonathan Adagogo Green na Bonny (1873 zuwa 1905), wanda ya ɗauki hoton Sarkin Benin Ovonramwen a 1897 bayan Turawa sun cire shi. Da yake J. A. Green kawai yake bugawa a bayan hotunansa, an daɗe ana zaton Bature ne. Wannan ya nuna cewa tun farkon sana'ar, hoto kan yi tafiya ya bar sunan mai shi a baya, ko da namiji ne.

A Arewa, yaɗuwar kyamara ta biyo bayan yaƙi. A farkon watan Fabrairu na 1903 rundunar Ingila da ta taso daga Zariya ta fasa Bebeji, wadda ba ta da nisa da Rano, sa'an nan ta ci Kano. Hotunan da suka biyo baya na hafsoshi ne da jami'an mulki da matafiya, kuma abin da ya ja hankalinsu suka ɗauka: ganuwa, da kasuwar Kurmi, da marina, da sarki bisa doki. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairu 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita, sa'an nan New Nigerian a Kaduna cikin Janairu 1966, hoto ya zama abokin labari a idon mai karatu na Arewa. Amma al'adar jaridu da ma'aikatun watsa labarai ta wancan zamani ita ce a buga hoto a faɗi wanda ke cikinsa, ba safai ake faɗin wanda ya ɗauka ba.

Akwai kuma wani shinge da ya keɓanta da ƙasar Hausa. Namiji baƙo iyakarsa zaure, kuma rubutun "ba shiga" da ke jikin bango yana aiki a kan mai hoto kamar yadda yake aiki a kan kowa. Alhali kuwa a cikin gida ne ake rabin rayuwar gari. A nan ake matsar man gyaɗa da soya ƙuliƙuli, da dama fura, da ɗinkin hula, da adashi, da wankan jego, da kamun amarya, da karatun matan aure. Alal misali, lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, an tashi ƙauyuka an sake musu mazauni. Kyamarar hukuma aikinta shi ne ta nuna injuna da manyan baƙi. Yadda matan waɗannan ƙauyuka suka kwashe tukwane da jere suka kafa sabon murhu, mace ce kaɗai za ta iya shiga ta ɗauka. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to amma sashen da kyamara ba ta shiga ba ya zauna a matsayin ji, har masu ba da labarinsa suka ƙare.

Dalilin ƙarancin mata a sana'ar bai ɓoyu ba. Sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na hukuma na farko a Kano da Katsina, kuma matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, duk da gwagwarmayar irin su Gambo Sawaba tun shekarun 1950. Sana'ar da ke buƙatar mutum ya kutsa cikin taro, ya tsaya gaban sarki ko gwamna, ya yi tafiyar dare, ba ta cikin waɗanda iyaye kan zaɓa wa 'ya mace.

Matan da Suka Riƙe Kyamara

Ɓacewar suna ba ciwon ƙasar Hausa ba ne ita kaɗai. Gerda Taro, haifaffiyar Jamus, ta mutu tana ɗaukar hoto a yaƙin basasar Sifen a 1937, tana da shekara 26. Ita da abokin aikinta suka ƙirƙiro sunan Robert Capa suna sayar da hotuna da shi, daga baya sunan ya zama nasa shi kaɗai, aka kuma jingina masa hotunanta da dama. Sai a 2007, da wasu akwatuna uku masu ɗauke da fim na hotuna kimanin 4,500 suka isa New York daga Meziko, masana suka ƙara samun hanyar rarrabe aikinta da nasa. A Indiya, Homai Vyarawalla (1913 zuwa 2012), wadda ta ɗauki bukukuwan mulkin kai na 1947 da jana'izar Gandhi a 1948, da sunan mijinta aka fara buga hotunanta. A Gana, Felicia Abban ta koyi sana'ar a wurin mahaifinta, ta buɗe shagonta a birnin Ankara cikin shekarun 1950, ta yi wa Kwame Nkrumah aiki, amma duniya ba ta waiwaye ta sosai ba sai a 2019, da aka nuna hotunanta a babban baje kolin fasaha na Venis, shekara biyar kafin rasuwarta.

A Arewacin Nijeriya, mata sun fara yin fice a aikin jarida ta fuskar alƙalami. Hajiya Bilkisu Yusuf ta zama editar Sunday Triumph a Kano a 1983, daga baya ta riƙe New Nigerian da mujallar Citizen, kuma ta rasu a turmutsitsin Mina a 2015. Masu kyamara da sunansu ya fito fili 'yan baya ne. Aisha Augie-Kuta, wadda aka haifa a Zariya a 1980, ta karanta aikin jarida a Jami'ar Ahmadu Bello, ta yi suna da hoto, aka kuma naɗa ta shugabar Cibiyar Fasaha da Wayewar Baƙar Fata ta Tarayya a 2024. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri wadda ta fara da aikin jinya, ta soma aikinta mai suna Bits of Borno a 2015. A lokacin da jaridun duniya ba su san Borno da komai ba sai bom da gawa, ita ta nuna 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu biki suna ci gaba da rayuwa. Rahima Gambo kuwa ta bi ɗalibai cikin makarantun Arewa maso Gabas da rikicin Boko Haram ya shafa, ta kuma yi wani aiki tare da 'yan mata 'yan makaranta a Maiduguri wanda ta sa wa suna Tatsuniya.

Adadin mata a sana'ar ƙarami ne a ko'ina. A 2015 gidauniyar World Press Photo ta fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a kan masu ɗaukar hoton labarai 1,556 daga ƙasashe sama da 100, aka tarar kashi 85 cikin 100 maza ne. Wannan na cikin abin da ya sa Daniella Zalcman ta kafa ƙungiyar Women Photograph a 2017, domin editoci su daina cewa sun nemi mace ba su samu ba.

Kundin Sani da Ƙa'idarsa

Wikipedia kundi ne da kowa ke iya rubutawa a cikinsa ba tare da an biya shi ba, amma tana da ƙa'idoji masu tsauri. Uku daga ciki su suka shafi wannan magana. Na farko, duk abin da aka faɗa sai an nuna inda aka samo shi a bugaggen littafi ko jarida ko makamancinsu. Na biyu, ba a yarda marubuci ya shigar da bincikensa na kansa ba, ko da shi ganau ne. Na uku, ba a buɗe wa mutum shafi sai majiyoyi masu zaman kansu sun yi magana a kansa da zurfi. Wanda ya yi karatun hadisi zai gane wannan tsari nan take, domin isnadi ne: magana ba ta karɓuwa sai an san bakin da ta fito.

Ƙa'idar tana da amfani, domin ita ke hana ƙarya da tallan kai. Amma tana da illa guda, watau duk wanda littattafai da jaridu suka manta da shi, kundin ma sai ya manta da shi. A watan Mayu na 2018 an ƙi karɓar shafin da wani ya rubuta a kan Donna Strickland, masaniyar kimiyyar haske a Kanada, bisa dalilin cewa majiyoyin ba su isa ba. A watan Oktoba na shekarar ta sami kyautar Nobel, a ranar kuma aka buɗe mata shafi. Idan haka ta faru ga malamar jami'a a Kanada, ina ga mai kyamara a Kibiya?

Ga kuma matsalar marubutan su kansu. Binciken da gidauniyar Wikimedia ta yi a 2011 ya nuna cewa mata ba su kai kashi 10 cikin 100 na masu rubutu ba, kuma ɗan sa-kai abin da ya sani yake sha'awa shi yake rubutawa. Daga nan ne aka fara gayya. A 2014 aka fara tarukan Art+Feminism, inda mutane kan haɗu a ɗakunan karatu da gidajen tarihi su yini suna rubuta shafukan mata masu fasaha. A 2015, a taron shekara na 'yan Wikimedia a birnin Meziko, Roger Bamkin da Rosie Stephenson-Goodknight suka kafa Women in Red. Asalin sunan shi ne, a cikin kundin, sunan da ba shi da shafi da jan rubutu yake fitowa, idan aka buɗe masa shafi sai ya koma shuɗi. A lokacin da suka fara, tarihin rayuwar mata kimanin kashi 15 cikin 100 ne na dukkan tarihin rayuwar mutane a sashen Ingilishi. Bai kai kashi 20 ba sai a ƙarshen 2024. A Afirka, an fara gasar hotuna ta Wiki Loves Africa a 2014, da shirin Wiki Loves Women a 2016 a Nijeriya da Gana da Kamaru da Kwaddebuwa. A 2018 Ma'aikatar Harkokin Wajen Suwidin ta shigo da nata shirin, WikiGap, ta hanyar ofisoshin jakadancinta.

Waɗannan alƙaluma suna da darasi biyu. Gayya tana aiki, tun da ta ƙara dubban shafuka. Sa'an nan tana da iyaka, tun da shekara tara ta ɗauka kafin ta ƙara kashi 5.

Abin da Gayya Za Ta Iya a Ƙasar Hausa

Akwai sashen Hausa na Wikipedia, mai ɗauke da dubban maƙalu, da ƙungiyar matasa 'yan sa-kai da ke koyar da rubutu a cikinsa. Da yawa daga cikin maƙalun fassara ce daga Ingilishi. Fassara tana da fa'ida, domin ta hanyarta yarinya a Yalwa za ta karanta labarin Fati Abubakar da harshenta, ta san cewa kyamara sana'a ce da mace 'yar Arewa ta riƙe. Amma mai fassara ba ya iya kawo abin da babu shi a asali. Waɗanda suka shiga kundin daga Arewa galibi su ne waɗanda manyan jaridu, musamman na ƙasashen waje, suka yi magana a kansu. Matar da ta yi shekaru tana ɗaukar hoto wa gidan talabijin na jiha ko ma'aikatar watsa labarai, ko wadda ake kira cikin gida ranar kamu da suna domin ita kaɗai aka yarda ta shiga, ba ta da isnadi, saboda haka ba ta da shafi. An taɓa gwada karɓar shaidar baka a wasu sassan kundin na Indiya da Afirka ta Kudu a 2011, amma gwajin bai zama ƙa'ida ba.

Saboda haka aikin ya kasu kashi uku, kowane da masu shi. Kashi na farko na tono ne. Tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian da Triumph da Albishir, da takardun da ke Gidan Arewa da Ma'adanar Ƙasa a Kaduna, da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Zariya, da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, duk suna buƙatar mai bin su shafi shafi yana neman sunan mai hoto. Wannan aikin ɗaliban tarihi ne da na koyon aikin jarida. Kashi na biyu na samar da madogara ne: 'yan jarida su yi hira da waɗannan mata su buga, malaman jami'a su ba ɗalibai bincike a kansu su wallafa, editoci kuma su mayar da sa sunan mai hoto a ƙarƙashin kowane hoto doka. Wannan shi ne aikin da Mary Smith ta yi wa Baba. Sai kashi na uku, wanda shi ne na 'yan sa-kai, watau su tattara abin da aka buga su tsara shi da Hausa da Ingilishi.

Akwai kuma haƙƙoƙi biyu da bai kamata ɗokin gayya ya take ba. Na farko haƙƙin mallaka ne. Rumbun hotunan Wikimedia Commons, wanda aka buɗe a 2004, ba ya karɓar hoto sai mai shi ya yarda kowa ya yi amfani da shi, har ma don kasuwanci. Ga mace wadda hoto ne abincinta, wannan ba ƙaramar kyauta ba ce, kuma wajibi ne a bayyana mata ma'anar abin kafin ta sa hannu. A dokar Nijeriya haƙƙin hoto yana ƙarewa ne shekara 50 bayan fitar da shi, saboda haka tsofaffin hotuna sun fi sauƙin sha'ani. Na biyu haƙƙin sutura ne. Hoton da aka ɗauka a ɗakin amarya bisa amana ba na duniya ba ne, kuma mai aiki a yankin da ake rikici tana iya shiga hatsari idan aka bayyana unguwarta da iyalinta. Cancantar shiga kundi ba ta kawar da neman izini.

Kammalawa

A 2019 an ɗaga Rano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka soke dokar aka sake kafa ta a daraja ta biyu, da Rano da Bunkure da Kibiya a ƙarƙashinta. Kowane mataki na wannan dambarwa an ɗauke shi a hoto an rubuta shi, kuma mai tarihi na gaba ba zai rasa madogara a kansa ba. Wannan shi ne tsarin da aka gada tun daga littafin Tarihin Kano, inda sarauta ke da marubuta, cikin gida kuwa babu. Bambancin wannan zamani shi ne kyamara ta shiga hannun mata, domin kowace babbar waya kyamara ce, kuma ƙofar kundin sani a buɗe take ga duk mai iya rubutu. Abin da ya rage shi ne tsanin da ke tsakanin biyun, watau bugaggen labari mai suna da shekara da wuri. Manoman ƙasar Rano sun san cewa ba a kiran gayyar girbi a gonar da ba a yi shuka ba. Jami'o'i da jaridu da ma'adanai su ke da alhakin shukar, kuma gwargwadon abin da suka shuka ne 'yan sa-kai za su kai rumbu.